Darasi Na 18: Kantin Sani Na Cikin Waya

Sani ɗan Malam Tanko ne. Yau shekararsa shida yana zaune a Ingila. Yana da kanti, amma kantin nan ba rumfa, ba ƙyaure. A cikin waya yake. Sani yana sa hoton huluna da takalman fata a intanet. Wanda ya gani yana so, sai ya aiko da kuɗi ta banki.

Kayan kuwa suna nan gida. Ƙanensa Garba shi ke saro su a kasuwar Kurmi ta Kano. Shi ke ɗaure su, ya kai tasha a aika wa masu saye a Abuja da Legas. Sani yana biyansa lada naira 50,000 kowane wata.

Ran nan Sani ya kira Garba a waya, ya ce, "Banki sun ce sai da takardar rajista za su buɗe wa kanti asusu. Ni ina nesa. Je ka a yi da sunanka, ka sa hannu, shi ke nan."

Garba ya ce, "To, Yaya." Amma hankalinsa bai kwanta ba. Da aka tashi daga aji da la'asar, sai ya tsaya ya faɗa wa malaminsu.

Malam ya ce, "Garba, jarin na wane ne?"

Ya ce, "Na Yaya ne, Malam."

"Wa ke cin ribar?"

"Shi ne. Ni lada kaɗai nake samu."

Malam ya ce, "To, ka ji da kyau. In sunanka ne a takarda, a wurin hukuma kai ne mai kanti. In an bi kanti bashi, kai za a nema. In ba a biya haraji ba, ƙofarka za a buga. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Mai cin riba shi ya kamata ya sa sunansa."

Ga abin da Malam ya koya wa aji washegari.

1. Rajista. Hukumar da ke yi wa kasuwanci rajista a Nijeriya ita ce CAC. An kafa ta a 1990. Yanzu ta intanet ake cika takardunta, saboda haka ba sai Sani ya dawo gida ba. Zai ba da sunan kanti, da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, da adireshin inda kanti yake a Nijeriya. Daga shekara ta gaba, kowace shekara zai aika wa hukumar rahoto kafin ƙarshen watan Yuni, don a san kanti yana nan.

2. Haraji a gida. Ribar da aka samu a Nijeriya, Nijeriya tana da hakki a cikinta, ko da mai ita yana bangon duniya. Wanda ke zaune a gida yana biya a ofishin haraji na jiharsa. Wanda ke zaune a waje yana biya ga hukumar haraji ta tarayya. Da sunanta FIRS, daga Janairu 2026 ta koma NRS.

3. Haraji a can. Ingila ma tana tambayar mazaunanta abin da suka samu, har wanda suka samu a wata ƙasa. Wanda cinikinsa ya wuce fam 1,000 a shekara, dole ya sanar da ofishin harajinsu, HMRC. Shekarar harajinsu tana farawa ran 6 ga Afrilu. Mai cika takarda ta intanet sai ya gama kafin 31 ga Janairu ta wuce. Wanda ya makara, a ci shi tara.

4. Ba a biya sau biyu. A 1987 Nijeriya da Ingila suka ƙulla yarjejeniya a kan haka. Abin da Sani ya biya a nan, za a rage masa a can. Amma sai ya nuna rasit. Wanda ya yar da rasit, ya yar da kuɗinsa.

5. Haraji a kan riba yake, ba a kan jari ba. Don haka mai kanti ya riƙe littafi. Ya rubuta abin da ya saro, da abin da ya sayar, da kuɗin mota, da ladan yaro.

Garba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni fa?"

Malam ya ce, "Ladanka a shekara naira 600,000 ne. Dokar haraji ta 2025 ta ce wanda abin da ya samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba ya biyan haraji a kansa. Ka ga da ka sa sunanka, da ka ɗauki kayan da ba naka ba."

Da dare Garba ya faɗa wa mahaifinsu duka. Malam Tanko ya ce, "A zamaninmu dagaci ke bi gida gida yana karɓar haraji, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a 1979. Ko a lokacin, kowa kansa yake biya wa. Kira mini wanka."

Sani ya saurari Baba, ya ce, "Na ji, Baba. Ban sani ba ne." Ya yi rajista da sunansa. Garba kuwa shi ke riƙe da littafin kanti, da yake yanzu ya iya rubutu.

TAMBAYOYI

1. Don me Malam ya hana Garba sa sunansa?
2. Wace hukuma ke yi wa kanti rajista?
3. Mene ne amfanin rasit ga Sani?

LISSAFI

Sani ya sayar da kayan naira 5,000,000 a shekara. Ya saro su naira 3,200,000. Kuɗin mota 300,000. Ladan Garba 600,000. Nawa ce ribarsa?

RUBUTU

Ku kwafi wannan sau uku: Karanta takarda kafin ka sa hannu.