DARASI: MU KOYI FULATANCI JIMLA JIMLA

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in ruwa ya janye daga fadamun Auyo, mu da Fulani makiyaya mukan haɗu a wuri ɗaya. Mu muna neman danshi domin shinkafa da alkama da albasa, su kuwa suna neman ciyawa da mashaya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar Kogin Haɗeja ta canza. Noman rani ya ƙaru, gonaki sun matsa kusa da burtali, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Wuri ya yi ƙunci. Saboda haka magana ɗaya marar daɗi a bakin gona ta isa ta jawo faɗa.

Gaskiya ne yawancin makiyayan nan suna jin Hausa. Amma wanda aka gaishe shi da harshen uwarsa ya san an girmama shi, zai kuwa tsaya ya saurara. Domin wannan muke so kowace ƙungiya ta koyi ɗan Fulatanci kafin kaka. Tambaya ita ce, ta wace hanya?

1. Kalma ɗaya ba ta isa ba

Mu da muka yi makaranta mun haddace jerin kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta. Mun ci jarrabawa, amma ran da baƙo ya tsaya a gabanmu sai bakinmu ya mutu. Dalili ke nan: mutane ba su magana da kalma ɗaya ɗaya.

Ku duba Hausarmu. In baƙo ya koyi kalmar "ci" kaɗai, zai ce abinci ake nufi. To, yaya zai yi da cin kasuwa, da cin bashi, da cin amana, da cin fuska? Haka "sha": akwai shan iska, akwai shan wahala. Kalma kamar dashen tumatir take. In an tumɓuke shi ba ƙasa a saiwarsa, sai ya yi yaushi. A ɗauke shi da ƙasarsa.

2. Kalmar Fulatanci takan sake kama

A Fulatanci abin ya fi haka, gama farkon kalma ma yakan canza. Bafulatani ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe. Namiji gorko, maza worɓe. Mace debbo, mata rewɓe. Gona ngesa, gonaki gese. Saniya nagge, shanu na'i. Wanda ya haddace ɗaya ba zai gane ɗayar ba in ya ji ta. Amma wanda ya koyi magana ɗungum ya riga ya sami kalmar a kamar da ta dace.

3. Jimlolin farko

Inda kuka ga wasali biyu a jere, ku ja muryar.

A waali jam? Ka kwana lafiya?
On mbaali jam? Kun kwana lafiya?
A nyalli jam? Ka yini lafiya?
Jam tan. Lafiya lau.
Noy na'i? Yaya shanu?
Noy innde maa? Yaya sunanka?
Mi nanaay. Ban ji ba.
Wolwu seese. Yi magana a hankali.
Mi yetti. Na gode.
Sey jaango. Sai gobe.

Ku lura da biyun farko: waali ta zama mbaali domin mutane sun yi yawa. Ba sai kun san ƙa'idar ba, ku riƙe jimlar kawai. Ku lura kuma da "Noy na'i?" In kun riƙe ta, kun sami wasu kyauta: Noy saare? Yaya gida? Noy kuugal? Yaya aiki? Noy peewol? Yaya sanyi?

Bakin Fulani ya ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, kamar yadda Hausar Haɗeja ta bambanta da ta Sakkwato. In maƙwabcinku ya gyara muku, nasa za ku bi.

4. Yadda za a yi a taron ƙungiya

(a) A ɗauki jimla uku kawai a kowane taro.
(b) A zauna biyu biyu, ɗaya ya tambaya, ɗaya ya amsa, sa'an nan a juya.
(c) Magatakarda ya rubuta jimla cikakkiya a littafi, ban da kalma ita kaɗai.
(d) Kafin taro na gaba kowa ya gwada a kan mai harshen. Mata su gwada da mai kawo nono, maza da makiyayi a kasuwa ko a mashaya. In dattijo ne, ku ce masa Baffa, ku roƙe shi ya gyara muku.
(e) In an yi muku dariya, ku yi tare da su. Wanda ya yi maka dariya yau, gobe shi zai koya maka.

Kada mu ruɗi kanmu. Gaisuwa ba ta biyan ɓarna. In shanu sun shiga gona, maganar tana wurin bulama da arɗo, kada kowa ya ɗauki sanda. Amma sulhu ya fi sauƙi tsakanin mutanen da suka san sunan juna, suka kuma saba gaisawa tun shinkafa ba ta nuna ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Rugage nawa sukan sauka kusa da gonakin ƙungiyarku? Kun san sunan arɗonsu?
2. Wace magana kuka fi bukatar faɗa wa makiyayi lokacin girbi? Wa za ku aika ya tambayo yadda ake faɗarta da Fulatanci?