Amsoshin Tambayoyinku: Sanatan Da Bai Cika Shekara A Kujera Ba

Tambaya: Wai gaskiya ne a Amurka jihohi ma suna da sanatoci, har an taɓa kashe wani baƙar fata daga cikinsu saboda siyasa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa:  Gaskiya ne. Saɓanin jihohin Najeriya masu majalisar dokoki guda ɗaya, jihohi 49 daga cikin 50 na Amurka majalisa biyu gare su, ta wakilai da ta dattawa. Nebraska ce kaɗai mai guda ɗaya.

Daga cikin sanatocin da siyasa ta ci rayukansu akwai Benjamin Randolph na Karolina ta Kudu. An haife shi a Kentaki a 1820, ɗa ne ba bawa ba, a zamanin da ake cinikin 'yan uwansa a kasuwa. Ya yi karatu a kwalejin Oberlin da ke Ohayo, ya zama malamin coci, sannan ya yi wa sojoji baƙaƙen fata limanci a yaƙin basasar da ya ƙare a 1865.

Da ƙura ta lafa, sai ya zauna a Karolina ta Kudu yana kula da makarantun bayin da aka 'yanta. A taron rubuta tsarin mulkin jihar na 1868, ya tsaya kai da fata sai an tanadi makarantar gwamnati ga kowane yaro, fari ko baƙi. A shekarar aka zaɓe shi sanata mai wakiltar Orangeburg, kuma ya shugabanci jam'iyyar Republican ta jihar.

Kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba. A watan Oktoba na 1868, yana rangadin yaƙin neman zaɓe, wasu fararen fata uku suka bindige shi da rana tsaka a tashar jirgin ƙasa ta Hodges, suka hau dawakansu suka tafi. Ba a hukunta kowa ba. Manufar makasan ita ce tsorata baƙaƙen fata kada su fito zaɓen Nuwamba.

Watanni kaɗan ya yi a majalisa, Malam, amma tsarin mulkin da ya yi wa gumi shi ne ya kafa tubalin makarantun gwamnati a faɗin jihar, inda 'ya'yan tsofaffin bayi da na talakawan farar fata suka samu damar karatu. Da wannan aikin ya kamata a auna shi.