Ɗaukar Hoton Makaɗa da Fitilar Walƙiya: Darasi ga Ɗalibi Mai Bincike

Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, duk ɗalibin da ya zaɓi rubuta kundinsa a kan waƙar baka, tilas wata rana ya zauna gaban makaɗi da rikoda da kyamara. Rikoda mun iya ta, amma hoto yakan ba mu kunya. Kalmar hoto kanta aro ce daga Ingilishi, tushenta kuwa Girkanci ne, inda take nufin haske. Saboda haka wannan maƙala za ta yi bayani a kan haske, musamman yadda ake raba fitilar walƙiya da kyamara, a ajiye ta gefe.

Abin da ya same ni

A lokacin da nake tattara bayanai, na ziyarci wani dattijo mai kukuma a unguwar Sabo ta Ibadan. Muka zauna a zaure bayan la'asar, na ɗauke shi da fitilar da ke kan kyamara. Da na nuna masa, sai ya ce, "Yaro, wannan ni ne kuwa?" Goshinsa na ƙyalli, farar rigarsa ta wanke har ba a ganin aikin wuya, ga baƙar inuwa manne da bango. Na ce, "Baba, a gafarce ni, zan dawo." Dalilin wannan aibi shi ne hasken ya fito daga wurin da idon kyamara yake, ya bugi fuska gaba da gaba, bai bar inuwar da ke fito da kamanni ba.

Kayan aiki

Ana bukatar kyamara mai karɓar saiti da hannu, da fitilar walƙiya mai batir, da 'yar na'urar rediyo guda biyu, ɗaya a kan kyamara, ɗaya a jikin fitila, domin su tashi tare. Sai sandar ɗora fitila, da farar laima, da farin kwali. Wanda ba shi da sanda, abokin karatu ya riƙe masa. Ni aron fitilar na yi.

Ƙa'idoji uku

Ta farko, wurin ajiye fitila. A ajiye ta gefen makaɗi, kamar digiri 45 daga kyamara, a ɗaga ta sama da kansa kaɗan tana kallon ƙasa. Idan yana sanye da rawani ko malfa, a sauke ta, don kada inuwa ta rufe idanu.

Ta biyu, girman haske. Fitila tsirara ƙarama ce, inuwarta mai kaifi. Idan aka harba ta cikin laima, ko aka juya ta ga farin bango, hasken yakan faɗaɗa ya yi laushi, ƙyallin gumi ya ragu. Farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske ga ɓangaren da ya yi duhu.

Ta uku, nisa. Idan aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ga mutum yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wato daga mita 1 zuwa mita 2 ba rabi ake rasawa ba, kashi uku ne. Don haka idan ana son bango ya yi duhu, sai a kusanto da fitila, a kuma nesanta makaɗi daga bango.

Saitin kyamara

Nakan fara da ISO 200, ƙofar haske f/5.6, saurin ƙiftawa 1/125, ƙarfin fitila 1/8, sannan in gwada in gyara. Yawancin kyamarori ba sa jituwa da fitila idan saurin ya wuce 1/200 ko 1/250. Sai baƙin zane ya bayyana a gefen hoto. A riƙe wannan: ƙofar haske da ƙarfin fitila su ke hukunta hasken fuska, saurin ƙiftawa kuwa hasken ɗaki yake ƙarawa ko ragewa. Walƙiyar gajeruwa ce ƙwarai, shi ya sa take tsayar da hannun makaɗi cak yana tsakar kiɗa.

Kowane kayan kiɗa da halinsa

Mai kalangu, a haska shi ta gefen da makaɗin yake sauka, domin tsarkiya ta fito. Mai goge ko kukuma, kada hannun da ke jan izga ya jefa inuwa a fuska. Kakaki ƙarfe ne mai ƙyalli, laima ce maganinsa. Mai algaita kuwa, hasken gefe ne ke nuna kumburin kumatu. Bayan hoton mutum, a ɗauki sassan kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, a tambayi sunan kowanne a rubuta. Nan ɗalibin harshe yake samun kalmomin da ba lallai ya gan su a ƙamus ba.

Ladabi

A nemi izini tukuna, a kuma gaya masa inda hoton zai shiga. Kada a yi ta walƙa wa dattijo fitila a ido. A gwada saiti da abokin tafiya kafin ya zauna. A bayan kowane hoto a rubuta suna da gari da kwanan wata, sannan a wanke guda a kai masa.

Kammalawa

Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waɗannan sun yi suna, an ɗauke su da yawa. Makaɗin unguwa fa, mai yiwuwa hoton da ɗalibi ya ɗauka shi kaɗai zai saura. Da na koma Sabo da laima da kwali, na kai wa Baba nasa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa jikansa ya rataye shi a zaure. Allah ya ba mu sa'ar bincike, amin.