"Mama, za a ƙwace gidanmu?"

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 ya ji a rediyo wai bashi ya yi wa Najeriya katutu, ya kuma tsinci gardamarmu da babansa kan kuɗin makaranta. Yanzu kullum sai ya tambaye ni ko za a ƙwace gidanmu. Me zan ce masa? Wata uwa, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ce masa "babu komai". Yaro ya riga ya ga ana rage nama a miya, ba zai yarda ba.

Ki fara da abin da ya sani. Ya san littafin bashin mai shagon unguwarku, inda ake rubuta sukari da sabulu sai ƙarshen wata a biya. Ki ce ƙasa ma haka take yi. Layin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da rancen ƙasar Sin aka gina shi, kuma gwamnati ce ke biya daga haraji da kuɗin man fetur. Ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofarku saboda shi.

Batun gida ya fi nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa a matse yake, amma ɗan shekara 7 ba abokin lissafi ba ne. Ki ce: "Kaya sun yi tsada, muna tattali, wannan aikina ne da Baba." Ki saya masa asusu ya riƙa jefa canji.

Gardamar kuɗi kuwa, don Allah ku bari sai ya yi barci.