YARON DA CIKINSA BA YA KARƁAR MADARA

Uwa, ki karanta, ko ki sa malamar asibiti ta karanta miki.

Akwai yaran da in sun sha madara, bayan rabin awa zuwa awa 2 sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, ga murɗa, ga zawo. Dalili shi ne akwai wani sukari a cikin madara wanda hanjinsu ba ya iya narkarwa sosai. Yakan bayyana bayan yaro ya girma kaɗan, ko bayan zawo mai tsanani. Na bayan zawo yakan wuce cikin 'yan makonni.

TSORO YANA ƘARA CIWON CIKI

Jijiyoyi sun haɗa hanji da ƙwaƙwalwa. In yaro ya tsorata, hanji yakan motsa, ciwo ya ƙaru. Yaron da ake yi wa ɗure ko tsawa a kan abinci, tun kafin a kawo kwano cikinsa ya fara murɗa.

ABIN DA ZA KI YI

1. Kada ki yi masa ɗure, kada ki doke shi. Ciwon gaskiya ne.
2. Gwada masa kindirmo kaɗan a cikin fura. Tsami yana rage sukarin nan.
3. Kada ki hana shi wasu abinci sai da shawarar likita. Ba shi wake, kifi, ƙwai da zogale, don kada ya rame.
4. In ciki ya murɗa, kwantar da shi, ɗora hannunsa a kan cibiya. Ya ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya tashi, ya hura ta baki kamar mai fifita kunu. Ku yi sau 5 tare.
5. Koya masa ya ce da bakinsa, "Madara ba ta karɓe ni ba." Gaya wa kakarsa da malaminsa, a daina tsokanarsa.
6. Ya ci tare da 'yan'uwansa, ya yi wasa, ya yi barci isasshe.
7. In yana zawo, ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti.

Jariri kuwa a ci gaba da ba shi mama: zalla har wata 6, sa'an nan tare da abinci har shekara 2.

GARZAYA ASIBITI NAN DA NAN

In leɓe ko fuska sun kumbura, ko borin jini ya fito, ko numfashi ya yi wuya bayan cin gyaɗa, ƙwai, kifi ko madara, wannan wata cuta ce dabam mai haɗari. Haka kuma in akwai jini a kashi, ko yaro yana ramewa.

Zo da shi awo, kada ki manta da katinsa.