Injin da ya sha ruwa, kada a yi gaggawar tayar da shi

A Adar hadari ba ya zuwa da ruwa kaɗai. Iska mai ƙura ce ke yin gaba, ta yaye jinkar rumbu, sannan ruwa ya gangaro daga kan duwatsu, ƙorama ta cika nan da nan ta malale garaken da ke kwari. Masu noman albasa a Keita, Tamaske, Buza da bakin tafkin Tabalak sun san haka, daminar 2024 kuma ta tuna wa wanda ya manta. Da ruwa ya janye, abin da ya fi tsada cikin laka shi ne injin ban ruwa, kuma sau da yawa hannun mai shi ne ke ƙarasa kashe shi.

Mutum ya tono injinsa, ya goge, ya ja igiya "don a gani ko yana da rai". Kada ka yi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda, fistin ya buge shi da ƙarfi, ƙarfen da ke riƙe da fistin na iya lanƙwashewa. Gyaran kuɗi kaɗan ya koma sayen sabo ke nan.

Fara da kwance buji, wato fulogi. Karkata injin, ramin bujin na duban ƙasa, ka ja igiya a hankali har ruwa ya daina fesowa, sannan ka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin. Juye man injin duka ka duba shi a rana. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya gauraya da shi. Zuba sabo. Juye fetur ɗin tanki, ka kwance ƙoƙon da ke ƙarƙashin kafireta, domin nan ruwa da yashi ke kwanciya. Soson matatar iska a wanke, ya bushe sarai. Sai ka buɗe gidan famfon ka kwashe yashi, in ba haka ba zai cinye robar da ke hana yoyo. In injin ya tashi, bar shi ya yi zafi, ka sake juye man. Masu tsumulmula na tsallake wannan juyi na biyu, ni kuwa ina ganin arha ce ta banza.

Yi duk wannan cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsatsa ba ta jiran Oktoba, lokacin zuba irin albasa. In igiya ta ƙi jawuwa, kada ka tilasta. Ɗora shi a amalanke zuwa wurin makanike a Tawa ko kasuwa mafi kusa.

Ita ma amalanken, in ta ratsa ƙorama, a cire ƙafafun, a wanke boris da kananzir, a cusa giris. Rumbun laka da ya tsage a bar shi ya sha iska kafin yaɓe, don ɗanyar ƙasa kan jiƙaƙƙen bango zubowa take. Gero ko albasar ajiya da ta jiƙe a fitar a shanya, a ware ruɓaɓɓiya tun ba ta shafi sauran ba.

Wanda ke da famfon sola ya kashe makunni kafin ya taɓa waya, domin farantin na ba da wuta muddin akwai rana, ko da ya tsage.