Fitar da Yara Shan Iska a Jidda: Shawara ga Masu Zama da Iyali

Bahaushen da aiki ko karatu ko kasuwanci ya zaunar a Jidda tare da iyalinsa ba ya daɗewa yake gane abin da yaransa suka rasa. A gida yaro yana da tsakar gida, yana da ƙofar gida da 'ya'yan maƙwabta, ga gidan kaka inda za a aike shi da kwanon tuwo. A nan kuwa ɗaki biyu ne ko uku a saman bene, ƙofa a kulle, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana. Maigida ya fita tun da sassafe, uwargida na fama da girki da wanki, yaro kuma an miƙa masa waya don a samu lafiya. Kafin a ankara ya yi wata da watanni bai yi gudun da zai sa shi haki ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin garin yana da wuraren da za su share mana hawaye, kuma mafi yawansu ba a biyan ko sisi.

Na ambaci kuɗi don na san halin da magidanta ke ciki. Tun watan Yulin 2020, baƙon da ke aiki a kamfani yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Mai mata da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan sun tafi kafin a zo kan haya da kuɗin makaranta. Don haka duk shawarar da za ta ce a riƙa kai yara wurin biya kowane mako ba ta san aljihunmu ba.

Kafin a zaɓi wuri, a fara zaɓar lokaci, don rana ce ke mulki a Jidda. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba zafi ne haɗe da laima mai sa riga ta manne a jiki, kuma fitar da ƙaramin yaro da hantsi a wannan tsakani cutarwa ce. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa gari yana yin daɗi, kuma iyalin da suka bari waɗannan watanni suka wuce suna kulle a ɗaki sun yi asara babba. Mutanen Jidda 'yan dare ne. Za ka ga jarirai a bakin teku ƙarfe ɗaya na dare, musamman daren Alhamis da na Juma'a, tunda hutun mako Juma'a ne da Asabar. Ni ban ba da shawarar a kwaikwaye su ba. Lokacin da ya fi mana shi ne bayan sallar Asuba zuwa wajen ƙarfe tara na safe: iska da sanyi, wurin ajiye mota a wadace, wuraren wasan yara babu layi, kuma ran Juma'a za a dawo a yi wanka a huta kafin masallaci. In safiya ta gagara, a fita bayan La'asar a dawo da Isha'i.

Wurin farko shi ne Kornish, bakin Bahar Maliya da ya miƙe kusan kilomita 30. Sashen arewa da aka gyara aka buɗe a 2017 yana da lilo da abin zamiya na yara, da hanyar keke, da banɗakuna da masallatai. A ɗauki tabarma, da filas ɗin shayi, da ruwa mai yawa, da ƙwallo, da kayan canji na kowane yaro. A shimfiɗa tabarmar inda za a iya ganin wurin wasan ba tare da an miƙe ba, a danne gefenta da takalma saboda iskar teku, a rufe kular abinci don magen wurin ba su da kunya. Sannan a bar yara su yi gudu, su faɗi, su ɓata kaya da yashi. Uwargida, don Allah ki sassauta faɗa kan datti a wannan rana; dama don shi aka fito.

In fitar yamma ce, a daidaita ta yadda Magariba za ta riske ku kusa da Masallacin Rahama, wanda aka gina a 1985 bisa ginshiƙai a cikin ruwa, har in teku ya cika sai a ga kamar yawo yake a kansa. Yaron da ya yi salla yana jin ƙarar igiyar ruwa ƙarƙashin masallaci ba zai manta ba, kuma zai tashi da sanin cewa wasa ba ya hana salla. Daga ɓangaren unguwar Hamra kuma ana kallon Nafurar Sarki Fahad, ruwan tekun da ake harbawa sama fiye da mita 250, fitilu na haska shi da dare.

Batun ruwa kuwa sai na tsaya a kansa, don nan ne ake kuka. Yawancinmu mun fito daga Kano, Katsina, Damagaram ko Maraɗi, inda abin da muka sani shi ne rafi da kududdufin damina. Teku daban yake. A gaɓar Jidda akwai shimfiɗar dutsen murjani: mutum zai yi ta tafiya ruwa iya gwiwa, ya saki jiki, sai kwatsam ƙasa ta ƙare, zurfi ya buɗe. Dutsen yana yanka ƙafa, kuma a cikin ramukansa akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin nama. Kada a shiga ruwa sai inda hukuma ta ware don iyo kuma akwai masu ceto a bakin aiki. A saya wa yara takalmin roba na shiga ruwa. In an je Ubhur, mashigin ruwan da ke arewacin gari, aka hau kwale-kwalen haya, a gama ciniki tun a tudu, kuma kowane yaro ya sa rigar hana nutsewa kafin injin ya tashi. In mai jirgi ya ce babu, a fasa.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a ambaci sunan wanda ke tsaron yara. In manya goma suna zaune ana hira, kowa yana zaton wani ne ke kallo, ashe babu mai kallo. A ce, “Baban Amina, daga yanzu zuwa rabin awa kai ne da yara,” ya ajiye waya, ya juya fuskarsa ga ruwa, in lokacinsa ya cika ya miƙa wa wani da baki. Yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya ihu, don bakinsa na neman numfashi ne. Lambar gaggawa a yankin Makka, wanda Jidda ke cikinsa, ita ce 911. A koya wa duk yaron da ya iya riƙe waya. Kuma in akwai abu ɗaya da ya cancanci a kashe masa kuɗi, koyon iyo ne, ga maza da mata. Akwai wuraren da mata ke koyar da 'yan mata a keɓe, a tambaya. Haka kuma wasu wuraren shaƙatawa na kuɗi da ke gaɓar Ubhur suna da irin shigar da ba za ka so iyalinka su zauna a ciki ba, don haka a bincika wajen wanda ya taɓa zuwa kafin a biya kuɗin ƙofa.

Wuri na biyu da nake so kowane ɗan Hausa da ke Jidda ya taka da ƙafarsa shi ne Balad, tsohon gari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajensa dogaye ne na dutsen murjani, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigo da iska su kuma suturta na ciki. A nuna wa yara Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, a bi da su Kasuwar Alawi su shaƙi ƙamshin turare da kayan yaji. Amma in an iso Bab Makka a dakata a yi musu bayani. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka. Kakanninmu sun riƙa tasowa daga ƙasar Hausa a ƙafa da jakuna, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, suna tsayawa suna noma da ƙwadago don guzuri, wasu shekara da shekaru, su hau jirgin ruwa daga Sawakin su sauka a wannan gari, su nufi Makka ta wannan hanya. Yaron da ya ji wannan labari a inda abin ya faru zai san yana da tarihi a nan, ko da wani ya kira shi Takari da niyyar raini. Da azumi Balad na cika bayan Tarawihi, masu balila da soyayyar hanta da sobiya ko'ina; a je, amma a riƙe hannun ƙananan gam.

Wuraren biya irin su gidan kifaye na Fakieh, da wurin wasa na Shallal, da ɗakunan wasan manyan kantuna, a bar su sai da Salla ko ranar da yaro ya yi abin yabo. A ci abinci a gida, a faɗa wa yara adadin da za a kashe tun a mota, in katin wasa ya ƙare an gama. Wanda ke son yara su ga kifi ba tare da tikiti ba, ya kai su Bangala, babbar kasuwar kifi da ke kusa da tashar jiragen ruwa, da sassafe. Su ga najil ja da hamur da jatan lande a kan ƙanƙara, su zaɓi wanda za a saya, su tsaya a gyara shi a gabansu.

Duk wannan fita iyali ɗaya ne da kansu, alhali abin da yaro ya fi ƙishirwa shi ne sa'o'insa. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil a ƙarshen 2021, jama'armu da dama sun watsu, zumuncin da ake yi da ƙafa ya koma sai an sa rana. To a sa ranar. Gida huɗu ko biyar su yi karo-karo sau ɗaya a wata su kama istiraha, irin gidajen hutun nan na bayan gari masu fili da ɓangaren maza da na mata. Wannan gida ya kawo masa, wancan dambu, wani tuwo da miyar kuka. In akwai wurin iyo a ciki, dokar tsaron nan ta ninka, kuma a kulle ƙofarsa lokacin salla da cin abinci. A karɓe wayoyi a zuba a jaka ɗaya. Maza su koya wa samari langa da dara, mata su koya wa 'yan mata carafke da 'yar gala-gala, bayan Isha'i a samu mai bakin tatsuniya ta zauna da ƙananan.

Kuma a yi duk wannan da Hausa. Yaronmu na nan yana jin Larabci a titi, wataƙila Turanci a makaranta, Hausa kuwa sai in an yi masa faɗa. Haihuwa a Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo takardar zama ɗan ƙasa, iƙama kuma tana tafiya ne da aiki. Ranar da aikin ya ƙare gida za a koma, kuma babu daɗi a sauke yaro gaban kakarsa ya kasa gaishe ta.

Na san wani zai ce ai nasa suna zuwa halƙar hadda bayan La'asar. Madalla, wannan ni'ima ce ta zama a ƙasar nan, kuma ƙungiyar Khairukum na da halƙoƙi a masallatan Jidda da dama. Sai dai a lura, yaro ya zauna a aji, ya zauna a halƙa, ya dawo ya zauna gaban waya. Jiki ma yana da haƙƙinsa. 'Yan mata ne suka fi cutuwa, don namiji ko ba komai zai sauka ya buga ƙwallo a layi, ita kuwa daga makaranta sai ɗaki. Tun Yunin 2018 mata na tuƙi, ga kuma motocin haya na waya. Iyaye mata biyu ko uku za su iya haɗuwa tsakiyar mako su kai 'yan matan lambun unguwa su yi tsallen igiya, ba sai an jira maigida ya samu hutu ba.

Makka na da nisan kusan kilomita 80, kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 yana kai mutum cikin ƙasa da awa ɗaya; hawansa kaɗai biki ne a wajen yara. A kai su Umra a lokacin da babu turmutsitsi, ba goman ƙarshe na azumi ba, a nemi izini ta manhajar Nusuk, a rubuta lambar wayar uba a ɗaura wa kowane yaro a hannu. In zafi ya tsananta kuma hali ya samu, a hau Ɗa'ifa, wadda ke kan tsauni mai tsawon kimanin mita 1,800. Hanyar Hada da ke kaiwa can tana da kwana-kwana da birai a gefenta, a rufe gilashin mota, kada a miƙa musu abinci.

Kowace fita a ɗauki iƙama. A hana yara ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, don dokar ɗa'a ta 2019 ta sa tara a kan haka. A kwashe shara kafin a tashi. In kuma aka yi gargaɗin ruwan sama, a soke fita ko an gama shiri, a guji hanyoyin ƙarƙashin gada. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan.

Maigida, na san kana dawowa a gajiye, kuma barcin safiyar Juma'a shi ne kaɗai hutunka. Ina roƙonka ka ba yaranka awa biyu daga ciki. Ka sa tabarma da ƙwallo a mota tun daren Alhamis, ka kira maƙwabcinka mai yara ku tafi tare, in an idar da Asuba ku nufi Kornish.